Tukunyar Mahshi a Bakin Bahar Rum: Yadda Talakan Masar Ke Cin Bazara a Iskandariyya

Daren Alhamis a watan Yuli, tashar jirgin ƙasa ta Ramsis da ke tsakiyar Alkahira ba ta da masaka tsinke. Wanda ya tsaya ya dubi kayan da ake turawa cikin taragu zai ɗauka ƙaura ake yi: akwatuna, buhun shinkafa, galan ɗin man girki, fankar tsaye an naɗe mata wayarta a wuya, tabarmar roba, da tukwane biyu ko uku an ɗaure murafensu da ɗankwali don kada abin ciki ya zube. Yara sun rungume robar iyo tun ba su ga ruwa ba. Uba na gaba riƙe da tikiti, uwa na baya tana ƙirga kawuna. Iskandariyya suka nufa, birnin da ke bakin Bahar Rum, tafiyar kimanin kilomita 220 zuwa arewa maso yamma. Wasu mako guda za su yi, wasu kwana goma, wasu kuma gobe da daddare za su juyo.

A daidai lokacin da damina ta kankama a Kano da Maraɗi, a Masar ko ɗigo ba ya sauka. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Alkahira yana yawo a wajen digiri 35, wani lokaci ya haura 40, a can kudu kuwa, Luksor da Asuwan, arba'in abin yau da kullum ne. Mutanen ƙasar sun zarce miliyan 100 tun shekarar 2020, kuma kusan dukkansu a matse suke a gaɓar Kogin Nilu da inda ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Gidajen bene ne na siminti, manne da juna, suna shan rana duk wuni, da dare su amayar da ita a kan masu barci. Iskandariyya ba wani sanyi gare ta ba, zafinta ya kan kai wajen digiri 30, ga gumi. Abin da take da shi wanda Alkahira ta rasa shi ne iskar arewa da ke tasowa daga teku da la'asar, ta ratsa tituna ta shiga ta taga. Don wannan iska ake tara kuɗi shekara guda.

Daga fadar sarki zuwa motar ƙungiya

Tun asali al'adar manya ce. Layin dogon da ya haɗa Iskandariyya da Alkahira, wanda aka kammala a 1856, shi ne na farko a nahiyar Afirka, kuma shi ya mai da tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Sarakunan Masar na zuriyar Muhammad Ali suna da fadar Ras al-Tin a yammacin birnin, sannan a 1892 Abbas Hilmi na Biyu ya fara gina fadar Muntaza a gabas, cikin lambuna masu kallon ruwa. Idan zafi ya shigo sarki ya kan koma can, majalisar ministoci ta bi shi, jakadu da attajirai su bi ministoci. A shekarun 1930 aka shimfiɗa Kurnish, doguwar hanyar da ta bi gaɓar teku fiye da kilomita 15, daga wajen ganuwar Kaitbai har Muntaza. Wannan ƙaura ta shekara-shekara ce ta sa juyin mulkin 1952 ya riski Sarki Faruk a Iskandariyya, ya sa hannu a takardar murabus a Ras al-Tin ranar 26 ga Yuli, ya shiga jirgin ruwan Mahrusa ya bar ƙasar. Bayan shekara huɗu cif, a dandalin Manshiyya na birnin, Shugaba Jamal Abdunnasir ya yi shelar ƙwace mashigin Suwez.

Zamanin Abdunnasir ne ya buɗe wa ƙaramin ma'aikaci ƙofa. Aka bar jama'a su shiga lambunan Muntaza. Kamfanonin gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikata, na malamai da injiniyoyi da likitoci da sauransu, suka mallaki gidajen hutu a bakin teku, suna kai mambobinsu rukuni-rukuni, kowane rukuni mako guda, ana cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan. Garuruwa irin su Gamasa da Baltim suka tashi a kan wannan harka, Ras al-Bar da ke inda reshen Nilu na Dimyaɗ ya haɗu da teku ta ƙara cika, masu ƙarfin tafiya mai nisa suka miƙa har Marsa Matruh. Tun daga nan zuwa teku ya zama abin da magidancin Masar ke ganin haƙƙin 'ya'yansa ne a kansa. Yaron da aka koma makaranta bai ga ruwa ba ya kan rasa abin faɗa idan abokansa suna ba da labari.

Kuɗin tafiyar dai yawanci daga hannun uwar gida yake fitowa. Matan Masar suna da gam'iyya, adashi ne sak irin wanda muka sani: maƙwabta ko abokan aiki goma ko sha biyu, kowa ya zuba a wata, a riƙa kwasa bi da bi. Kwasar watan Yuni da Yuli ita ake rububi, wadda ke da niyyar kai yara teku tun farkon zubi take roƙon a bar mata ita. Gidan da ke da ɗa mai rubuta jarrabawar gama sakandare, sanawiyya amma, wadda ke hana iyalin Masar barci, ba ya motsi sai an gama, shi ya sa ƙarshen Yuli da Agusta suka fi kowane lokaci cunkoso da tsada.

Masauki kuwa ɗaki biyu da falo ne a wani dogon bene, a unguwannin gabas irin su Sidi Bishir da Miyami da Asafira da Mandara, ko a yamma a Agami. Dillali, wanda suke kira simsar, yana zaune a kan kujerar roba a bakin layi da tarin makullai, ko kuma mai gadin benen ne ke dillancin. Ana biya ne a kan kwana. Abin da ke ɗaga farashi sananne ne: ana hango ruwa daga baranda ko ba a hangowa, layi nawa ne tsakaninka da Kurnish, akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ce, lif yana aiki ko za a riƙa hawa da ƙafa. Sau da yawa gida biyu ke haɗa kuɗi, wa da ƙani da iyalansu, ko ƙawaye biyu da mazajensu, mutum goma sha wani abu a ɗaki biyu, maza a falo, mata da yara a ciki. A 'yan shekarun nan ƙawaye suna sauƙaƙa wa juna ta WhatsApp da Facebook. Wadda ta riga zuwa ta turo hoton banɗaki da na firiji, ta faɗi ko ruwa na hawa sama da rana, ta faɗi dillalin da ya cika alkawari da wanda ya nuna hoton wani gida ya ba da makullin wani. Akwai matan da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma shekara da shekaru ɗaya ba ta kama masauki sai ta ji ta bakin ɗaya. Ba a raina wannan bincike, domin birnin ya cika da benayen da aka ɗora wa hawa ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yunin 2023 wani bene mai hawa fiye da goma, wanda ake ba masu hutu haya, ya rufta a yankin Sidi Bishir, aka yi asarar rayuka.

Ranar isowa

Da an buɗe ƙofa, maza da yara su ajiye kaya su gangara su gaisa da teku. Uwa ta naɗe hannun riga. Gidan da wasu baƙi suka bari jiya ba ta yarda 'ya'yanta su kwana a cikinsa haka nan. Za ta yaye zannuwan gado ta shimfiɗa waɗanda ta taho da su, ta wanke banɗaki da kilorin, ta goge firiji ciki da waje, ta sake wanke kowane faranti da cokali ko da ta same su a kife, ta share yashin da ya maƙale a kusurwoyi, ta fesa maganin kyankyaso. Sai ta duba tukunyar gas ko da saura, in babu ta kasa kunne ta ji mai sayarwa, wanda ke wucewa yana buga sifana a jikin tukunya don a san ya iso. Idan ta yi sa'a akwai kwando ɗaure da igiya a baranda, sai ta zura shi ƙasa da kuɗi a ciki, mai shago ya sa gurasa da ƙwai ta janye. Kafin masu wanka su dawo da yunwar da ruwan gishiri ke sa wa, abinci ya sauka.

Daga nan kwanakin suke ɗaukar tsarinsu. Ta tashi da asuba ta yi salla, ta dafa ful, waken da Misirawa ke karya kumallo da shi, ko ta aiki yaro ya sayo tare da falafil. Ta cika gorunan ruwan da ta sa a firiza tun dare, ta yanka kankana ta zuba a roba, ta haɗa farin cuku mai gishiri, ta dafa shayi a filas. Sannan babbar tukunya.

Mahshi aiki ne na zama. Ana samun kabewar Masar ƙanana da gauta dogo da tattasai, a rarake cikin kowane ɗaya da wata 'yar siririyar wuƙa ba tare da an huda shi ba. Ana sulala ganyen kabeji ko na inabi har ya yi laushi. A kwaɓa ɗanyar shinkafa da markaɗen tumatir da albasa da ganyayen ƙamshi, shabat da baƙdunis da kuzbara, a ɗura a cikin waɗanda aka rarake, a naɗe sauran a ganye siri-siri, a jera su a tukunya ɗaya bayan ɗaya a matse, a zuba romo a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan. Tukunyar da za ta ciyar da mutum goma tana cin sa'o'i uku ko huɗu na hannu biyu. Shi ya sa da dare, lokacin da maza suka fita shan iska a gidan gahawa suna buga dara, za ka tarar da uwa da 'yarta da matar ƙanin miji zagaye da faranti a ƙasa suna naɗi, suna hira. Dalilin da ya sa aka zaɓi mahshi a fili yake: ba ya buƙatar nama, ba ya lalacewa da wuri, ana cin sa da sanyi, ana ɗauka da hannu, kuma yana ƙosarwa. Wata ranar a yi makaroni da aka gasa a tire, wata ranar a sayo kifin buri a kai wa mai gashi na unguwa ya birkiɗa shi a dusa ya gasa, a biya shi ladan wuta, a haɗa da jar shinkafar da aka dafa da soyayyar albasa.

A finafinai da zanen barkwanci na jaridun Masar, tukunyar mahshi a bakin ruwa ta zama alamar da ake yi wa talaka dariya da ita: ga su nan sun zo, da tukunya da kaka da rediyo. Wasu wuraren ma suna bincika jaka a ƙofa, suna hana shiga da abinci. Ni dai ban ga abin dariya a ciki ba. A farkon 2022 dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam 16 na Masar ba. Bayan da aka saki kuɗin a watan Maris na 2024 sai da ta kusa fam 50. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari a watan Satumban 2023, kuma a Yunin 2024 gurasar tallafi da ta shekara fiye da talatin a kan kirshi 5 ta koma 20. Malamin makaranta mai 'ya'ya huɗu ba zai iya kai su gidan abinci sau uku a rana har kwana bakwai ba. In aka ɗauke tukunyar nan, an ɗauke tekun gaba ɗaya daga rayuwar yaransa. Abin da ya rage tsakanin ƙaramin albashi da bakin ruwa shi ne hannun matar nan, kuma kowa a gidan yana kiran makon hutu, alhali ita madafa kawai ta sauya, ta bar wadda ta saba da ita ta koma wata ƙarama mai wuƙa dakusasshiya.

Ba ina nufin ba ta jin daɗi ba ne. Wanda ya ga hajiya mai shekara sittin zaune a kujerar roba an kafa mata ita a inda igiyar ruwa ke karyewa, ruwa na dukan ƙafafunta, jikoki na zuba mata yashi a cinya, ya san ta samu abin da ta zo nema. Mata da yawa suna shiga ruwan da doguwar riga da mayafi, su riƙe hannun juna su yi da'ira, suna ihu idan igiya ta taso. Wasu sun fi son fitowa da sassafe kafin maza su cika wurin. Amma rabonta ke nan, sa'a ɗaya ko biyu, kuma ko a nan idonta na kan ƙaramin da ke son kutsawa ciki. Da an koma masauki akwai wankan yara ɗaya bayan ɗaya, akwai ɗauraye kayan iyo da tawul a shanya a igiyar baranda, akwai yashin da ya biyo ƙafa har gado, akwai shafa wa wanda rana ta ƙona baya magani. A bazarar 2023 da ta 2024, da ƙarancin iskar gas ya sa gwamnati ta riƙa ɗauke wuta bi da bi na sa'o'i, aikin ya ninka: wuta ta tafi, lif ya tsaya, injin da ke tura ruwa sama ya mutu, sai ɗiba a bokiti tun kafin lokacin ɗaukewar ya yi. Gidajen da na fi ganin kowa ya koma da fara'a su ne waɗanda uba ke karɓar wankan yara, samari su ɗauki wanke-wanke da cefane, a ce wa uwa yau kada ta kunna wuta. Suna nan, amma ba su ne masu yawa ba.

Ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da ke karatu a Azhar su kan haɗa kuɗin mota su je Iskandariyya idan an yi hutu, kuma abin da ke fara ba su mamaki shi ne yadda kayan sanyaya maƙoshin na gida ne. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dum kuwa goruba ce aka jiƙa aka tace. Mulukiyyar da matan Masar ke tsinkewa su shanya a kan zanen gado a wannan lokaci don ajiyar hunturu lalo ce, kuɓewa ma suna busar da ita. Abin da ba mu da shi shi ne fireska, wata siririyar waina mai ƙamas-ƙamas da ake manne biyu da zuma ko gyaɗa ko riɗi, wanda masu talla ke yawo da shi cikin akwatin gilashi a kafaɗa, suna ratsa lemomi suna jan sunansa da murya. Da magariba Kurnish ta cika da masu gasa masara a kan gawayi da masu sayar da waken tirmis, iyalai su zauna a kan katangar teku su juya wa motoci baya. Wannan zama kyauta ne, kuma ga mutane da yawa shi ne mafi daɗin ranar.

Ruwan da ake sa wa shinge

Sai dai wurin zaman yana raguwa. Faɗaɗa Kurnish da aka yi a zamanin gwamna Abdussalam Mahjub, daga ƙarshen shekarun 1990, ya sauƙaƙa wa motoci amma ya ci yashi da yawa. Daga baya gidajen shan shayi da kulob-kulob na ƙungiyoyi da otal-otal suka jeru a gefen ruwa, har akwai wuraren da mai tafiya a ƙasa zai yi nisa bai hangi teku ba sai bango. Hukumar lardin da ke kula da wuraren hutu ta kasa bakin ruwan kashi-kashi, akwai na kyauta, akwai na musamman, akwai na yawon buɗe ido, kuma ana ba 'yan kwangila hayar yawancinsu ta hanyar gwanjo. Ɗan kwangilar da ya biya maƙudan kuɗi zai fanshe a kan tikitin shiga da kujera da lema. Layin farko, na dab da ruwa, kullum a kansa ake rigima, domin duk da farashin da hukuma ke kafewa a allo, ma'aikatan wurin su kan kama shi su ce sai an ƙara wani abu. Na kyautar kuwa, ranar Juma'a lema na gogar lema tun hantsi.

Masu hali sun daɗe da barin garin. Tun shekarun 1980 da 1990 suka koma yamma, gaɓar da ake kira Sahil, inda aka gina ƙauyukan hutu masu katanga da ƙofa irin su Marina a kusa da Alamain, wurin da aka gwabza yaƙi a 1942. Yanzu ga sabon birnin Alamain da dogayen benayensa, ga Ras al-Hikma da aka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 35 a kanta da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a watan Fabrairun 2024. Misirawa da kansu sun raba gaɓar biyu a bakinsu, Sahil na kirki, wato tsofaffin ƙauyukan iyalai, da Sahil mugu, inda kuɗin kwana ɗaya ya fi albashin wata. Ɗaruruwan kilomitoci na farin yashi suna bayan katanga, ana zaune a cikinsu wata biyu ko uku a shekara, miliyoyin mutane kuwa suna turereniya a kan abin da ya saura a cikin birni.

Waɗanda suka fi kowa shan wahalar wannan su ne 'yan tafiyar yini guda. Daga ƙauyukan Buhaira da Garbiyya da Manufiyya, har daga kudu mai nisa, ake cika bas da tsakar dare, a iso da asuba, a yi wanka har la'asar a juya. Yawancinsu samari ne da ba su iya iyo a teku ba, kuma wanda ya kwana a mota ya biya kuɗinsa ba ya son jin cewa yau an ɗaga jar tuta, ba a shiga. Ana kafa tutoci uku, kore da rawaya da ja, masu ceto na busa usur har muryarsu ta dushe, amma mutum nawa za su tsare? Bakin ruwan Nakhil da ke Agami ya yi ƙaurin suna saboda ruwan da ke ja ta ƙasa kusa da duwatsun da aka jera don karya igiya. A watan Yulin 2020, lokacin da aka rufe wuraren wanka saboda korona, mutane suka shiga da asuba don kauce wa jami'ai. Yaro ya nutse, aka bi shi ɗaya bayan ɗaya don a cece shi, mutum 11 suka rasu a safiya guda. Doguwar rigar da ta sha ruwa ita ma tana da nauyin da mai ita ba ta sani ba sai ƙafarta ta bar ƙasa, shi ya sa masu ceto suka fi matsa wa mata su tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba.

Tekun ma yana cin nasa rabon. Tun da aka kammala babbar madatsar Asuwan a 1970, laka da yashin da Nilu ke kawowa gaɓa kowace shekara suka tsaya a bayan madatsa, ga ruwan teku yana ƙaruwa a hankali, ƙasar yankin kuma tana zama. Guguwowin hunturu, waɗanda mutanen Iskandariyya suka san kowace da sunanta da lokacinta, suna watso ruwa har kan Kurnish, kuma ambaliyar Oktoban 2015 ta kai ga gwamnan lardin ya ajiye aiki. Hukumar kare gaɓar teku tana ta jibge manyan tubalan kankare a gaban ganuwar Kaitbai da sassan Kurnish, tana zubo yashi da motoci a wuraren da ruwa ya kwashe. Duk inda aka samu sabon yashi ya zauna, yawanci ba a daɗewa sai a ga an kafa masa ƙofa da mai yankan tikiti.